Hoton faɗuwar rana a bakin ruwa: me yasa inuwar bata fitowa yadda ido yake gani?

Sabon_Hannu:

Slm jama'a, barkanmu da warhaka. Don Allah masu ɗaukar hoto a taimaka min da shawara. Ina son ɗaukar hoton karkara da yamma, gonaki da bishiyoyi da shanu idan sun dawo daga kiwo, musamman a bakin tafki ko kogi lokacin da rana zata faɗi, irin wanda zaka ga sama tayi ja sannan ga ta nan kuma kwance cikin ruwan, bishiya a sama bishiya a ƙasa. Da ido abin gwanin sha'awa, amma da na danna sai in ga wani abu daban. Ko dai sama tayi fari fat ba launi ko kaɗan, ko kuma sama tayi kyau amma ƙasa da ruwan sunyi baƙi ƙirin ba'a ganin komai. Inuwar bishiyoyin ma da nake gani a ruwa sai ta fito dishi-dishi a wargaje, wani lokacin ma babu ita kwata-kwata sai ruwa kalar ƙasa.

Kyamarar da nake da ita ƙaramar Canon ce irin ta masu koyo, da gilashin da take zuwa dashi mai zum daga 18mm zuwa 55mm, ina da abin ɗora kyamara mai ƙafa uku amma ba mai ƙarfi bane. Yawanci a Auto nake barinta. Wani abokina yace sai na sayi filta, wato gilashin nan da ake ɗaurawa a gaban idon kyamara, wani kuma yace duk hotunan da nake gani a intanet editin ne kawai kar in wahalar da kaina. To wanne ne gaskiya? Kuma wane saiti ya kamata in riƙa sakawa? Nagode.

Tsohon_Mai_Hoto:

Wa alaikumus salam ƙanina. Kafin a zo maganar saiti da filta bari in tambayeka abu ɗaya, a tsaye kake ɗauka ko a tsugune? Don na kusa rantsewa a tsaye kake, kyamara a daidai fuskarka, kuma a nan gizo ke saƙar.

Ruwa ba kullum yake mayar da haske iri ɗaya ba, ya danganta da ta inda ka kalle shi. Idan ka leƙa shi daga sama kai tsaye kashi 2 cikin 100 kacal na hasken yake dawo maka, sauran duk shigewa ciki yake yi, shi yasa kake ganin laka da duwatsun ƙasa maimakon sama. Idan ka karkata har ya zama digiri 30 ne tsakanin ganinka da fuskar ruwan zai kai wajen kashi 6, a digiri 20 wajen kashi 13, a digiri 10 ya kai kashi 35, a digiri 5 kuwa ya kusa kashi 60. Ka lura ba a hankali yake hawa ba, sai can ƙarshe yake tashi da gudu. Yanzu ka lissafa da kanka, mutum a tsaye idonsa wajen mita 1.6 daga ƙasa yana kallon ruwan da ke mita 3 a gabansa, wannan kusan digiri 28 kenan, abinda zai samu bai wuce kashi 6 ko 7 ba. Shi wannan mutumin in ya sauke kyamarar ta dawo kamar taƙi ɗaya daga fuskar ruwa, wurin nan dai na mita 3 ya koma ƙasa da digiri 5, inuwar ta haura rabi. Bai sayi komai ba, bai taɓa ko maɓalli ɗaya ba, gwiwarsa kawai ya ɓata da laka.

Akwai kuma wani abu da mutane basu cika lura dashi ba. Abinda kake gani a ruwa ba hoton sama bane aka juya shi kawai, a'a, shine abinda zaka gani da ace idonka yana ƙarƙashin fuskar ruwan daidai nisan da yake a samansa. Shi yasa in kana kan gaɓa mai tudu zaka ga bishiya doguwa a sama amma a ruwa gajeruwa ce ko ma kanta kawai ya leƙo, saboda gaɓar can ta tare ta. Kana sauka ƙasa su biyun suke fara daidaita. Don haka ka naɗe ƙafafun abin nan naka gaba ɗaya, in ma bai sauka sosai ba ka ajiye shi ka ɗora kyamarar kan jakarka ko kan busasshen dutse.

Na biyu iska. Duk ƙwarewarka in ruwa na rawa ba zaka samu inuwa mai kaifi ba. Babban kogi da babban dam kusan kullum suna motsi, amma ƙaramin kududdufi, ko ruwan da ya kwanta tsakanin kunyoyin gona bayan an yi ruwan sama, ko wani lungu da ciyayi suka kewaye, su ne suke bada abinda kake nema. Wallahi ruwan da bai fi faɗin mita ɗaya ba in ka kwantar da kyamara a bakinsa da 18mm sai mai kallo ya ɗauka tafki ne. In kuma dole babban ruwa ne to ka tsaya a gaɓar da iskar take fitowa daga gareta, wato tana bugun bayanka, don ruwan da ke gindin wannan gaɓar shi yafi kwanciya, iskar bata samu filin da zata tada shi ba tukunna. Sau da yawa kuma rana na faɗuwa ƙasa ta fara hucewa sai iskar ta lafa, to kar kayi saurin tattara kaya. Da asuba ma ruwa yafi kwanciya akan yamma, in zaka iya sammako.

Sai ka kula da su shanun naka. In suka sa baki a ruwa ko wani ya tsoma ƙafa shikenan sai ka jira zoben nan da yake bazuwa ya mutu. Ka ɗauke su suna tafe a kan gaɓa kafin su iso, a jere, kowacce da fili tsakaninta da 'yar'uwarta, don in suka cunkushe wuri ɗaya a gaban rana baƙin dunƙule kawai zaka samu ba'a gane kai ba'a gane ƙaho.

Filta kuwa ka bari tukunna. Je ka gwada wannan ka dawo.

Maman_Haske:

Baba Tsoho ya gama magana akan ruwa, ni bari in taɓa ɓangaren sama da yace tana yin fari. Ƙanina matsalarka Auto ce. Ita kyamara burinta kullum ta mayar da komai tsaka-tsaki, ba duhu ba haske, to idan ta ga rabin hoton gona ce mai duhu sai ta buɗe don ta haska gonar, sama kuma ta ƙone. Wurin da ya ƙone yayi fari babu editin ɗin da zai dawo dashi, amma wurin da yayi duhu ana iya ɗago shi daga baya. Saboda haka sama zaka bi, ka bar ƙasa tayi duhunta.

Ka murɗa zuwa Av, inda kai kake zaɓar girman ƙofar haske, ka sa ta a f/8 ko f/11 (lambar na ƙaruwa ƙofar na tsukewa), ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, ka sa 100, sannan ka rage haske da abin nan mai alamar +/- zuwa -1, wani lokacin har -2 in ranar tana cikin hoton. Kar ka yarda da sikirin ɗin bayan kyamara, da magariba idonka ya saba da duhu komai zai maka kamar yayi haske. Ka kunna histogiram, wato jadawalin da ke nuna duhun hoto a hagu haskensa a dama, in da hali mai nuna launuka uku daban-daban, ka sa ido kan jan, don a faɗuwar rana shi yake fara cin karo da bangon dama tun sauran basu je ko'ina ba, kuma shine dalilin da yasa gajimaren da kake gani ja da ruwan goro yake fitowa rawaya fayau ba zane a jikinsa.

Sai saitin launi, WB. Shima in ka barshi a Auto yana ganin jan nan sai ya ɗauka kuskure ne ya zuba masa shuɗi don ya gyara, kaga ya kashe maka abinda ka fito nema. Ka sa shi a alamar rana, wajen 5200K kenan a Canon, ko alamar gajimare wajen 6000K in kana so ya ƙara ɗumi. Kuma don Allah ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara bata sarrafa ba, ba JPEG da aka saba ba. JPEG matakin haske 256 ne dashi a kowane launi, RAW mai bit 14 kuwa 16,384, to ka ga wanda zai jure a ɗago duhunsa ba tare da ya farfashe ba. A RAW ma WB ɗin zaka iya canza shi a kwamfuta ba asara.

Abinda yafi bani takaici da masu koyo shine da ranar ta nutse sai ka ga kowa ya rufe jaka ya kama hanya. Haba! Ai lokacin ma aka fara. Rana tana tafiyar digiri 15 ne a awa, ita kuma faɗinta rabin digiri, wato daga sanda ta taɓa ƙasa zuwa ta ɓace wajen minti 2 ne ko sama da haka kaɗan. Amma bayan ta ɓace tana ci gaba da haska cikin gajimare daga ƙasa, musamman na can sama siraran nan, kuma a lokacin sama ta rage ƙarfi ta matso kusa da hasken ƙasa, kyamara ta samu sauƙin ɗaukarsu tare. Jan da yafi kowanne yakan zo ne bayan faɗuwar ba kafinta ba. Sai dai ka san inda kake, kusa da Ikwaita ranar a tsaye take nutsewa, minti 20 da 'yan kai hasken ya tafi, alhali a irin su Ingila a watan Yuni yakan haura minti 40. In kana inda yake gajere to ka riga ka zaɓi wurinka ka kafa kayanka tun rana na sama, ba lokacin zaka fara yawon neman bishiya ba.

Kuma ka riƙa waiwayawa. Kowa yamma yake fuskanta, amma inuwa mafi tsafta ana samunta ne idan abin da kake ɗauka rana na dukansa shi kuma ruwan rana bata dukansa, wato ka ba rana baya, bishiyoyin gaɓar can sun yi ruwan zinare, ruwan gabanka yayi duhu. Bayan faɗuwa kuma gabas takan yi wani ɗamara ruwan hoda da shuɗi mai duhu a ƙarƙashinsa, wannan shuɗin inuwar duniya ce da kanta take hawowa.

Injiniya_ND:

Duk naji bayanan manya amma gaskiya ni ban yarda ace ya bar filta ba. Baba Tsoho kace ya jira iska ta lafa, to in bata lafa ba fa, ya koma gida hannu rabbana? Ai amfanin filtar ND kenan. Baƙin gilashi ne kawai da yake rage hasken da ke shiga don ka samu damar barin shata, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe ya daɗe. Kowane mataki ɗaya rabin haske ne. ND64 mataki 6 ne, in da kana 1/60 na sakan zai kaika wajen sakan 1. ND1000 mataki 10, wannan 1/60 ɗin zai koma wajen sakan 17, duk wata 'yar rawar ruwa ta narke ya zama sumul, gajimare ma in yana tafiya sai ya ja dogon zane. Mafi yawan hotunan da yake gani yana sha'awa haka akayi su.

Akwai kuma mai rabi-da-rabi, sama baƙi ƙasa garau, shi kuma maganin matsalarsa ta farko ne kai tsaye, ya rage sama da mataki 2 ya bar gona yadda take, a danna sau ɗaya an gama. In ba shi to ya kunna saitin AEB kyamarar ta ɗauki hoto uku masu haske daban-daban, -2 da 0 da +2, ya haɗa su a manhajar gyaran hoto ta Lightroom. Matsalar haɗawar dai in akwai kwalekwale ko saniya tana tafiya zata fito biyu-biyu.

Filtan CPL ne kawai zan ce yayi hattara dashi, don nasan shi masu sayarwa suke fara miƙo wa mutum da yace hoton ruwa. Aikinsa cire ƙyallin ruwa ne don a ga ƙasansa, wato kishiyar abinda yake so kenan, yafi cirewa idan wajen digiri 37 ne tsakanin ganinka da fuskar ruwan. Sannan yana cin haske mataki 1 zuwa 2 a lokacin da dama hasken ƙarewa yake. In ya riga ya ɗaura shi to ya juya zoben yana kallo, akwai inda inuwar take ɓacewa akwai inda take dawowa.

Kuma tunda yace mai ƙafa ukun nasa ba ƙarfi, kar ya zaro sandar tsakiya, ya danna ƙafafun cikin ƙasa su zauna don laka tana nutsewa a hankali kana tsaye baka sani ba, ya kashe IS mai hana rawar hoto na jikin gilashin, ya sa taima na sakan 2 yadda hannunsa zai bar jikin kyamarar kafin ta ɗauka.

Tsohon_Mai_Hoto:

Injiniya ban ƙi taka ba, amma kar mu haɗa masa abu biyu wuri ɗaya. Ruwa sumul daban, inuwa mai kaifi daban. Shi yaron nan cewa yayi yana son bishiya a sama bishiya a ƙasa. In ruwa na rawa kowace 'yar igiya karkata take gaba da baya tana jefa inuwar sama da ƙasa, to in ka bar shata sakan 17 duk wuraren da ta je zaka tara wuri ɗaya, abinda zai fito kamar ka goga yatsa kan rubutun da tawadarsa bata bushe ba, launin yana nan amma rassan sun tafi. Yana da kyau a nashi fannin, nima ina yi, amma ba zai mayar da ruwa mai motsi madubi ba. Kuma minti 10 bayan faɗuwar rana a f/11 da ISO 100 dama kana samun sakan ɗaya ko fiye ba tare da ka ɗaura komai ba, to gaggawar me ake ta sayen ND1000?

Ranar da iska taƙi lafawa ni abinda nake yi shine in bar neman madubi in koma neman rawar kanta. In ja zuwa 55mm, shata 1/250 ko sama, in ɗauki hanyar hasken nan da rana take shimfiɗawa a kan ruwa tana ƙyalƙyali, in samu masunci ko zalɓe ya ratsa ta ciki. Wannan hanyar ma sai da motsin ruwa ake samunta, a ruwa kwantacce rana ɗaya ce kawai zagayayya a ƙasa.

Mai rabi-da-rabin ma akwai tarko. Inuwar ruwa kullum tafi ainihin saman duhu, yawanci mataki 1 zuwa 2, haka ido ya saba gani. In ka danne sama da yawa har ruwa ya fi ta haske, ko wanda bai san hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai iya faɗin menene ba. Sannan duk bishiyar da ta tsallake layin sai kanta yayi baƙi gindinta yayi haske.

Na manta ban yi maganar fokas ba ɗazu, kuma ina zargin yana cikin abinda ke sa taka take fitowa dishi-dishi. Inuwar bishiyar da ke mita 100 ba a fuskar ruwan gabanka take ba, a wajen gilashi tana can mita 100 ɗin ne. In kyamara ta kama ganyen bado da ke yawo mita ɗaya daga gareka, ga ƙofar haske a buɗe f/3.5 kamar yadda Auto ke yi in duhu ya fara, to ganyen ne zai fito tas inuwar ta dushe. Ka sa fokas a kan gaɓar can ko kan inuwar kanta. In kuma kana so ganyen da bishiyar duk su fito, a 18mm da f/11 ka sa fokas wajen mita 2, daga kusan mita 1 har ƙarshen gani zai yi kaifi daidai gwargwado, sai ka mayar da maɓallin gilashin MF, wato fokas na hannu, don kar ta sake nema. Kar ka ce zaka kai f/22 don ƙarin kaifi, daga f/16 zuwa sama hoton laushi yake ƙarawa. F/16 ɗin amfaninsa in kana so rana tayi tsinkayen tauraro sanda ta leƙo ta bayan reshe.

Kuma kar ka ƙura wa rana ido ta ƙaramar tagar leƙawa in ka ja zum, yi amfani da sikirin.

Sabon_Hannu:

Kai jama'a nagode sosai Allah ya saka da alheri. Baba Tsoho ka canka daidai, a tsaye nake ɗauka. Anti Maman_Haske wannan na waiwayawa gabas ban taɓa jinsa ba. Sauran tambaya biyu in ba damuwa. Wasu ranakun sama bata yin ja ko kaɗan, ranar sai tayi fari-fari ta ɓace tun bata kai ƙasa ba, akwai yadda mutum zai gane tun da wuri? Sannan in kyamarar bata hannuna sai waya, duk wannan bayanin yana aiki? Wancan abokin nawa ya nuna min wata manhaja da take ƙirƙiro inuwar ruwa a ƙasan kowane hoto, yace ita kowa ke amfani da ita.

Maman_Haske:

Ta farkon, jan yana zuwa ne saboda idan rana ta sauka hasken nata yana ratsa iska mai kauri kusan ninki 38 na wanda yake ratsawa in tana tsakar ka, shuɗin duk ya watse a hanya sai ja da ruwan goro su iso. Amma wannan sai iska tana da tsafta. In ƙura ko hazo yayi yawa dukkan launukan yake tarewa tare, shine kake ganin farar rana tana ɓacewa a sama. Mutane suna cewa ƙura ke kawo ja, ni dai abinda na gani yammacin da ya biyo bayan ruwan sama, iska ta wanku, shi yafi bada launi. Abinda zaka duba tun la'asar shine gajimare a sama ko tsakiya, amma can ƙasa ta yamma inda ranar zata faɗa a buɗe yake. In akwai baƙin hadari zaune a wurin to ya toshe hanyar, in kuma sama wayam take ba gajimare ko ɗaya zaka samu launi a ƙasa-ƙasa kawai. Ranar hazo ma ba asara bace, ja zum ka ɗauki ranar a matsayin farin faifai da bishiya ɗaya a gabanta, tsaunuka ko jerin bishiyoyi suna dushewa ɗaya bayan ɗaya.

Ka kuma sani ba kullum take faɗawa wuri ɗaya ba. Wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba ne take faɗawa yamma sak, a Yuni ta karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu, don haka bishiyar da rana ta faɗa bayanta yau bayan wata uku ba nan zata faɗa ba. Manhajojin waya irin su PhotoPills ko Sun Surveyor zasu nuna maka layin a kan taswira.

Manhajar abokinka kuwa, kowa da ra'ayinsa amma ni bana yi, kuma ba kowa ke yi ba. Gane ta ma ba wuya saboda abinda Baba ya faɗa, inuwar gaske daga ƙasa take kallon abu, zaka ga cikin saniya, ƙasan gada, gefen kwalekwalen da ke fuskantar ruwa, tsaunin da ke nesa ya ɗan nutse bayan bishiyoyi. Ta manhaja kuwa hoton saman ne aka kifa, komai daidai wa daida har da haskensa. Editin ɗin da nake yi bai wuce ɗago duhu kaɗan, rage wurin da yayi haske da yawa, da miƙar da layin gaɓa in ya karkace ba. Wannan na ƙarshen kar ka raina shi, ruwa baya kwanciya a karkace, ko digiri 1 ne ido zai kama.

In akwai mutum a hoton, manomi ko masunci, ka gaishe shi ka nemi izini kafin ka ɗaga kyamara, kar kuma ka taka wa mutane shuka garin neman wurin tsugunawa.

Ɗan_Android:

Ni da waya kawai nake ɗauka bari in amsa maka wannan. Yana aiki mana, ta wani wajen ma waya tafi sauƙi don zaka iya kaita inda babbar kyamara bazata je ba. Ka juya ta kai ƙasa yadda idon kyamarar zai dawo ta ƙasa, ka sauke ta har saura yatsa biyu ta taɓa ruwa, ka danna da maɓallin ƙara sauti. Ka riƙe da kyau dai, in da igiyar hannu ka saka, kar ka biye wa maganar wai bata jin ruwa.

Kafin nan goge gilashin da gefen rigarka, maiƙon yatsa shi ke sa rana tayi wani dogon jan layi a hoto. Ka taɓa sama kusa da ranar ka riƙe yatsa har ta kulle haske da fokas, sai ka ja alamar ranar nan ƙasa har launin ya dawo. In baka kulle ba da ka motsa kaɗan zata sake lissafi. Ka tsaya a 1x don yawanci itace babbar kyamarar wayar, 0.5x tana da daɗi wajen faɗi amma da duhu ya fara sai hoton ya cika da ƙura-ƙura, zum na yatsa biyu kuma yanke hoton kawai yake yi. Yanayin dare ka kashe shi in ya kunna kansa, don zai ɗago komai ya mayar maka da magariba kamar hantsi, HDR ma, mai daidaita duhu da haske, wani lokacin haka yake yi sai baƙar siffar bishiyar da kake so ta koma toka-toka, gwada da shi gwada babu shi. In kyamarar wayarka nada yanayin Pro, inda kake saiti da kanka, ka sa ISO a mafi ƙanƙanta 50 ko 100, WB a rana, in akwai RAW ko DNG ka kunna, Snapseed da Lightroom na waya duk suna buɗe shi. Ƙofar haske kam a yawancin wayoyi bata canzuwa don haka manta da maganar f/11.

Kunna layukan nan na sikirin ma. In inuwar ta fito cikakkiya sa gaɓar a tsakiya abinka duk da ana cewa kar a raba hoto biyu, in kuma ruwan na ɗan rawa ka ba sama kashi biyu ruwa kashi ɗaya. Ka tafi da tocila da doguwar riga, sauro a bakin ruwa da magariba ba wasa, kuma ka duba hanyar da zaka bi ka fito tun da sauran haske.